Yadda za ki kula da 'yar uwarki bayan ɓari ko zubar da ciki a nan Saudiyya

Salamu alaikum 'yan uwa mata na Makka da Jidda da Madina, har da ku na can Riyad da Ɗa'if. Wannan maganar ta wadda take zaune kusa ce, wato ke da kuke ɗaki ɗaya da ita, ko ƙanwarki ce ko 'yar yayarki ko matar ƙaninki ko kuma kawai haya kuka haɗa, cikinta ya fita, ko da kansa ya zube ko likita ne ya cire saboda lalura ko ita ce ta sha wani abu, yanzu gata nan kwance kuma ke ce a kanta. Da a gida ne uwa da goggo da inna duk sun kewaye ta, a nan kuwa sau da yawa mutum ɗaya ce tak, balle a Jidda tun rusau ɗin 2021 zuwa 2022 da ya tashi unguwanni su Karantina da Sabil da Gulail, maƙwabtan da a da kafin ki kira sun shigo yanzu kowa ya yi nasa wuri, sai dai a waya.

Ki fara da riƙe bakinki daga tambayar nan ta "wai garin yaya". Na san tana cin ki, musamman in yarinyar ba ta da aure ko mijin ya daɗe ba ya ƙasar, amma dan Allah ki bari tukuna. Ta kowace hanya cikin ya fita jinin iri ɗaya ne kuma alamomin hatsarin ma iri ɗaya ne, kuma daga lokacin da ta ga kin fara ƙirga mata watanni da ido toh shikenan ta rufe baki, zazzaɓi zai zo ta ce ba komai, jini zai ƙaru ta ƙulle audugar a leda ta kai shara cikin dare kar ki gani, kuma wallahi wannan ɓoyon shi ya fi kashe mata. Hukumar lafiya ta duniya ta ce ana zubar da ciki kusan miliyan 73 duk shekara, kashi 45 cikin 100 ta hanya mai hatsari, kuma abin da ya fi ɗaukar rai a ciki shi ne zubar jini da shigar ƙwayar cuta mahaifa, dukansu biyun kuma ana maganinsu in an kai mace da wuri. Shi kuma ɓari wanda ba sa hannun kowa, kusan ciki 15 cikin 100 da aka san da su a haka suke ƙarewa, don haka ba kowane jini ne yake da labari a bayansa ba.

Toh jinin. Ki san wanda yake daidai don kar ki firgita a banza. Kwanakin farko zai fi na al'ada yawa, da guda-guda da murɗawar mara, daga nan ya dinga raguwa yana komawa ruwan ƙasa-ƙasa, sati ɗaya zuwa biyu, wata ma takan ga ɗigo-ɗigo har ta kusa wata. Duk wannan ba komai. Abin da za ki sa wa ido shi ne yawansa, kuma ba da baki ake aunawa ba don in kin tambaye ta cewa za ta yi da sauƙi. Ki je saidaliya, wato kantin magani, ki sayo audugar mata manya, ki hana ta ƙunzugun tsumma a kwanakin nan saboda shi ba a gane ma'auninsa, ki ce duk wadda ta cire ta faɗa miki. In tana jiƙa manya biyu sharkaf cikin awa ɗaya, awa ta biyu ma haka, ko gudan jini yana fita wanda ya fi lemun tsami girma, ko ta miƙe jiri ya kwashe ta, ko kin ja fatar idonta ta ƙasa kin ga fari fat, zuciya tana bugawa da sauri, hannu ya yi sanyi tana gumi, ba zancen a jira mai gida ya dawo daga aiki ko a jira a yi sallar asuba, asibiti kawai. Kafin mota ta zo ki kwantar da ita ki ɗaga ƙafafunta kan filo, kar ki ba ta abinci don ƙila a yi mata aiki.

Na biyu zazzaɓi. In likita ya ba ta ƙwayar da ke wanke mahaifa, ranar da ta sha takan yi rawar sanyi da ɗan zafin jiki da gudawa, wannan aikin maganin ne kuma yana wucewa. Amma zafin jiki da ya kai 38 ya kwana ya wuni, ko wanda ya taso bayan kwana biyu uku, ko jinin ya fara wari, ko mara ta yi tauri ko taɓawa ba ta so, wannan ƙwayar cuta ce ta shiga, sau da yawa saboda wani abu ya rage a ciki bai gama fita ba. Ma'aunin zafi ba shi da tsada, ki saya ki daina aunawa da bayan hannu, a zafin Makka kowa ma jikinsa zafi ne. Kuma kar ki dinga danne zazzaɓin da Panadol kina cewa ya sauka, sauka ya yi a fata amma a ciki abin yana ci, in ya shiga jini cikin awanni mace take fita hayyacinta, ƙoda ta tsaya. Ragowar kafso na wani ciwon da ke cikin jakarki ma ba zai yi ba.

Akwai wani kuma da mutane ba su cika sani ba, cikin da ya zauna a wajen mahaifa, a cikin bututun da ƙwai yake bi. Yana faruwa a ciki 1 zuwa 2 cikin 100. Mace za ta ga jini ta ɗauka ɓari ta yi ko ta ɗauka abin da ta sha ya yi aiki, alhali cikin yana nan a bututu yana girma, kuma ƙwayoyin zubar da ciki ba sa taɓa shi. Alamarsa ciwo a gefe ɗaya na mara mai suka, da ciwo a saman kafaɗa wanda ba ta san dalilinsa ba, da jiri ko suma, kuma jinin da ake gani a waje ɗan kaɗan ne don a cikin ciki yake zuba. Duk wadda ba a taɓa yi mata sikanin ba tun da ta samu cikin, ki sa wannan a ranki.

Yanzu maganar da kowa yake kaucewa, tsoron asibiti. Wadda take da iƙama, wato takardar izinin zama, da inshora ba ta da uzuri. Wadda ba ta da takarda kuwa, ko ta gudu daga gidan kafil, wato wanda take zaune a ƙasar da sunansa, ko ba aure, tsoronta ba na banza ba ne kuma ba zan ce miki babu abin da zai biyo baya ba, dokar ƙasar nan ba ta yarda da zubar da ciki ba sai in rayuwar uwa ko lafiyarta tana cikin babban hatsari kuma kwamitin likitoci ne yake yankewa. Amma ki auna da kanki, wadda aka yi wa tarhil, wato aka mayar da ita ƙasarta, aka sauke ta a Kano da ranta gobe za ta ga 'ya'yanta, wadda ta mutu a ɗaki kuwa ke da kike tare da ita ma sai kin amsa tambayoyin da kike gudu ɗin, har da ƙari. Lambar motar asibiti ta Hilal Ahmar 997 ce, a yankin Makka da Jidda 911 ma tana yi, in kuma shawara kike so ki ji ko abin ya kai na tafiya akwai 937 ta ma'aikatar lafiya, dare da rana likita yana ɗauka. A Makka akwai asibitin Wilada wal Aɗfal na mata da yara, Madina ma akwai, in ba su kusa kowane asibiti kika samu ki nufi ƙofar ɗawari, wato sashen gaggawa. Mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwa, ba shi da jinin ƙari, mai zubar jini sosai kar a ɓata lokaci a can. In Larabcinki bai nuna ba ki riƙe ko kalma huɗu, hamil mai ciki, nazif zubar jini, harara zazzaɓi, dokha jiri, ko ki ɗauki wata 'yar haihuwar nan ta raka ku, amma ki zaɓi mai riƙe magana.

In an shiga wajen likita ki ja ta gefe ki ce mata ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata nawa ne cikin, yaushe jinin ya fara, me ta sha, nawa, ko an sa mata wani abu ta ƙasa. Wannan na ƙarshen shi ne mafi muhimmanci, don in wata ta taɓa ta da ƙarfe ko tsinke ko wani haɗi a gida, likita zai duba ko mahaifa ta huje ko hanji ya taɓu kuma zai yi mata allurar tetanus, in ba a faɗa ba kuwa zai yi maganin ɓari kawai a sallame ku da rami a ciki.

Abin da suke yi yawanci sikanin ne da gwajin jini. In abin da ya rage kaɗan ne su ce a jira ko su ba da magani, in da yawa ko tana zubar jini su yi wankin ciki, wanda a nan za ki ji suna cewa tanzif. Ba kowane ɓari ne yake buƙatar wankin ciki ba, kar ki matsa a yi don kawai haka aka yi wa wance. Abu ɗaya da za ki tambaya da bakinki ko sun manta, rukunin jininta. In nagetif ne akwai allurar anti-D da ake yi cikin awa 72, tana kare cikin da zai zo nan gaba kar jinin uwa ya yaƙi na jariri, likita ne zai duba watannin cikin ya ce tana buƙata ko a'a. In kuma mai sikila ce ko mai ciwon suga ko hawan jini, tun a bakin ƙofa a faɗa.

An dawo gida, toh a nan ne namu na gargajiya yake shigowa kuma a nan nake da magana. Hulba da zuma da dabino da habbatus sauda a abinci ba wanda ya hana, amma ba sa fitar da abin da ya maƙale a mahaifa kuma ba sa kashe ƙwayar cuta, kar a ce bari a gwada kirfa da citta kwana uku a gani. Abin da take buƙata na gaske shi ne mayar da jini, hanta, nama, kifi, ƙwai, adas, ful, zogale in an samu, mulukiya, da ƙwayar ƙarin jini da likita ya rubuta, kuma a ci gaba da sha wata biyu uku ba sati ɗaya a ajiye ba. Bayan gida zai yi baƙi, ba komai ba ne. Sai shayi, mu da muka koyi shayi bayan kowane abinci a ƙasar nan, shi da gahawa suna hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfen da ke cikin abinci, a raba su da abinci da maganin ko da awa ɗaya ko biyu, a maye da lemu. Ruwa kuma ta sha sosai, wadda ta zubar da jini ga zafin da yake wuce 45 a bazara ba ta da abin wasa da ƙishi. Ciwon mara Brufen bayan ta ci abinci ko Panadol, in dai ba ta da olsa ko ciwon ƙoda ko asma da Brufen yake tayarwa, asfirin kuwa a bar shi don yana ƙara zubar jini.

Wankan jego da tafasasshen ruwa da kunun kanwa, dan Allah iyayenmu ku yi haƙuri a ɗaga mata. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a masu jego suka danganta shi da gishirin kanwa da zafin da ake gasa jiki da shi, toh ina ga wadda jininta ya riga ya yi ƙasa. Wanka da ruwa mai ɗumi ya ishe ta. Sannan ba matsi, ba turaren tsuguno, ba zama cikin ruwan bagaruwa, ba wanke ciki da yatsa ko sabulu, babu abin da zai shiga gabanta sai jini ya ɗauke, saboda bakin mahaifa bai gama rufewa ba. Masu tallan kayan mata a WhatsApp za su ce akwai haɗin wankin mahaifa, ki bar su da kayansu.

Aiki ma a duba. Masu aikin gida da shara da goge-goge da hawa bene da ɗaukar galan ɗin ruwa, in da hali ta samu ko kwana uku zuwa sati, a karɓi takardar likita a nuna wa madam, ba sai an yi mata dogon bayani ba. Zuwa Harami kuma na san zuciya tana so musamman a irin wannan halin, amma cunkoson ɗawafi da sa'ayi ba na mai jiri ba ne, ki kawo mata zamzam gida, Ka'aba tana nan.

Maganar mai gida, a faɗa masa a fili ya haƙura sai jini ya tsaya, galibi sati biyu. Kuma ga abin da yake ba mata mamaki, mace tana iya sake ɗaukar ciki cikin sati biyu bayan ɓari tun kafin ta ga al'ada, don haka in ba ta shirya ba ta yi maganar tazarar haihuwa da likita tun kafin a sallame ta, ana iya farawa nan take. Al'ada takan dawo cikin sati 4 zuwa 6, ta farko takan zo da ɗan yawa. Gwajin fitsari zai iya ci gaba da nuna ciki har sati uku, kar ta tsorata, amma in ya wuce haka yana nunawa ko har yanzu tana jin laulayi a koma asibiti. Wadda take son sake ɗauka kuma, likitoci da yawa suna cewa ta ga al'ada ɗaya tukuna, jini ya dawo, ta fara shan folik asid, sai dai in cikin wajen mahaifa ne aka yi mata allurarsa, wannan sai ta jira wata uku. In cikin ya kai wata huɗu ko fiye nono zai iya kawo ruwa bayan kwana biyu uku, wannan yana karya zuciya ƙwarai don ga nono ba ɗa, ta sa rigar nono mai ɗan kamawa, a ɗora tsumma mai sanyi, kar ta tatsa don tatsa kira ne, akwai kuma ƙwayar da likita yake bayarwa ta tsayar da shi.

Za ta tambaye ki, ko ta tambayi kanta cikin dare, shin zan ƙara haihuwa. Ki faɗa mata gaskiya ba tsoratarwa ba. Ɓari ɗaya ko cire ciki da aka yi a asibiti aka gama lafiya ba ya hana haihuwa kuma ba ya kawo kansar nono kamar yadda ake yaɗawa. Abin da yake hana haihuwa shi ne ƙwayar cutar da aka bari ta hau ta toshe bututu, da hujewar mahaifa da har ya kai a cire ta, da kankarar mahaifa a kai a kai har bangonta ya manne al'ada ta ragu ko ta ɗauke. Kin ga yawancinsu daga hannun da bai iya ba suke zuwa ko daga jinkiri. Ciwon mara da ya ƙi ƙarewa bayan watanni, ko zafi lokacin kwanciya, ko al'ada ta ƙi zuwa bayan wata biyu, kar a ce sanyi ne a shiga jiƙe-jiƙe, a je a duba.

Sallah kuma, nan ana rikicewa don mu mun taso da Malikiyya ga mu zaune cikin Hambaliyya. Malaman nan irin su marigayi Ibn Usaimin suna cewa in abin da ya fita ba a ga halittar mutum a jikinsa ba, wanda ba ya faruwa kafin kwana 81, jinin ba na biƙi ba ne, ta yi tsarki ta yi alwala ta yi sallarta. A Malikiyya kuwa ko gudan jini ne in an tabbatar ciki ne, jinin biƙi ne. Haka in ya wuce wata huɗu, a nan za ki ga ana wanke shi a sa masa suna a yi masa sallah, a wajen malamanmu na gida kuwa sai in ya yi kuka bayan fitowa. Ta tambayi malamin da ta amince da shi ta bi guda, ke dai kar ki tsaya kanta kina cewa sallarta ba ta yi ba.

Toh zuciya, wadda ita ce ba a gani a auduga. Satin farko zuwa na biyu sinadaran ciki suna sauka gaba ɗaya, za ki ga tana kuka ba dalili, ko faɗa, ko ta yi shiru tana kallon bango, wannan jiki ne kuma yana lafawa. Bayan shi ne ainihin abin yake fitowa, kuma ba iri ɗaya ba ne ga kowa. Wadda ta yi ɓarin cikin da take so makoki take yi na gaske ko da na wata biyu ne, ita ta riga ta raɗa masa suna a ranta. Wani bincike da aka yi a Landan aka fitar a 2020 kan mata fiye da 650 ya samu cewa wata ɗaya bayan ɓari ko cikin wajen mahaifa, kashi 29 cikin 100 suna da alamun firgicin da ke bin mutum bayan masifa, bayan wata tara ma kashi 18 ba su fita ba. Wato abin yana dawo mata, jinin a banɗaki, gadon asibitin, ta kasa shiga gidan suna, ta ga mai goyo ta kauce. Mu kuma me muke cewa, ai ba mutum ba ne tukuna, ai yarinya ce ke za ki samu wani, ai gara da ya zube da wuri. Ku daina. Sannu, Allah ya ba ki lada, Allah ya sa mai ceto ne, ya isa, sai ki zauna ki yi shiru tare da ita. Akwai hadisin da aka ruwaito daga Mu'azu ɗan Jabal cewa ɓari yana jan mahaifiyarsa da cibiyarsa zuwa Aljanna in ta nemi lada, wannan ya fi duk wani "ki daina kuka" amfani.

Kuma ki cire mata laifin da take ɗora wa kanta. Za ta ce don na ɗauki bokiti ne, don na hau bene, don mun yi faɗa da shi, don na sha abu mai sanyi. Kusan rabin ɓarin watannin farko daga halittar ɗan tayin ne tun ranar da ya haɗu, ba abin da ta yi ba abin da za ta iya hanawa. Shekaru ma suna ciki, ƙasa da 30 kusan 1 cikin 10 ne, bayan 45 ya fi rabi. Kar kuma ki bari a buɗe mata ƙofar kishiya ce ko sammu ne ko namijin dare, ruƙiya da azkar ta yi abinta, amma in ɓari ya kai uku a jere, wasu likitocin ma tun a na biyu, akwai gwajin suga da maƙoƙo da daskarewar jini da siffar mahaifa, kuma wasunsu suna da magani.

Wadda ita ta zubar kuwa, nata ya fi wuyar zama kusa da shi don ba ta da inda za ta kai kukanta, ba a zuwa mata jaje. Kar ki yanke mata abin da ya kamata ta ji. Wata nadama ce take cin ta har ta kasa ɗaga hannu ta yi addu'a, wata sauƙi ta ji kamar an sauke mata kaya sannan ta dawo tana jin kunyar sauƙin da ta ji, wata duka biyun a rana ɗaya. Manyan likitocin Ingila sun tattara binciken da aka yi a kan wannan a 2011, abin da suka gani shi ne waɗanda abin ya fi taɓa wa ƙwaƙwalwa su ne wadda dama tana da ciwon damuwa tun kafin cikin, da wadda aka tilasta, da wadda take ganin abin ya saɓa wa imaninta kuma ba mai tsaya mata. Ki duba ki gani, ai kusan siffar tamu ce a nan, yarinya a baƙuwar ƙasa, namijin da ya yi cikin ya kashe waya ko shi ne ma ya kawo ƙwayar ya tsaya sai ta haɗiye, uwa tana Katsina ko Maraɗi tana jiran a turo kuɗi ba ta san komai ba. Ni ban ce abin da ta yi daidai ne ba, hukuncinsa a addini sananne ne kuma Malikiyya ma ta fi tsanani a kai, amma wa'azin da ake yi wa mai zubar jini ba ya shiga, kuma ita ta fi ki sanin ta yi laifi. In ta warke ta kawo maganar da kanta, ki tuna mata aya ta 53 a suratu Zumar da Allah ya ce kar a yanke ƙauna daga rahamarsa, maganar kaffara ko diyya kuma ana iya tambayar malami ba tare da an ambaci sunan kowa ba, ke ma za ki iya tambayo mata. In kuma fyaɗe aka yi mata ko mai gidan da take aiki ne, toh wannan ba mai laifi ba ce wadda aka zalunta ce, kar ta koma gidan, kuma likita ya sani don akwai gwaje-gwajen da za a yi mata.

Sirri kuma amana ne. Kin san yadda muke, magana ta fita daga Shara Mansur da la'asar kafin isha ta isa Fagge. Kar ki faɗa wa aminiyarki, kar ki yi habaici a sitatus, kar ki ajiye shi sai ranar da kuka yi faɗa kan kuɗin wuta. Da yawa abin da yake kai yarinya ga tunanin kashe kanta ba cikin ba ne, jin cewa labari ya isa gida ne.

Yaushe abin ya wuce na lallashi? In an wuce sati biyu kullum tana cikin ƙunci safe da yamma, ba ci ba barci ko barcin ya yi yawa, ta daina wanka ta daina ɗaukar waya, ko faɗuwar gaba da mugun mafarki sun hana ta sakat har wata ya wuce, wannan ciwo ne kuma yana da likita, iyada nafsiyya suke cewa a nan, zuwa can ba hauka ba ne kuma ba raunin imani ba ne, ana haɗa shi da addu'a. In kuwa kika ji tana cewa gara ta mutu, ko ku yafe min, ko ta fara rabar da kayanta, ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta, tambayar ba ta sa mutum ya yi. In ta ce eh ko ta yi shiru, kar ki bar ta ita kaɗai ko na zuwa baƙala, wato shagon unguwa, ki kwashe magunguna da Clorox da wuƙaƙe daga ɗakin, ki kai ta ɗawari a ranar. Mijin ma in akwai shi a ja shi a jiki, wasu mazan shirun da suke yi ba rashin damuwa ba ne, ba su san me za su ce ba, ki ce masa ko zama ya yi kusa da ita ya ajiye waya ya taimaka, kuma ya tare mata 'yan uwansa masu tambayar yaushe za a sake.

Ke ma mai jinya ki samu wadda za ta karɓe ki ko na wuni ɗaya ba tare da kin ba ta labarin duka ba, "ba ta da lafiya, jini ne" ya wadatar. Ranar komawa asibiti da aka rubuta a je ko ta ce ta warke, a sake auna jinin a ga ya hau. Takardun da aka ba ku kuma, sakamakon sikanin da rukunin jini da sunan abin da aka yi mata da ko an yi allurar anti-D, ki ɗauke su hoto a wayarta ki tura a taki ma in ta yarda, don takarda tana ɓata a tashin gida ko a tarhil, kuma duk likitan da zai karɓi cikinta na gaba, a Jidda ne ko a Kano ko a Damagaram, su zai fara tambaya.